Kowane Gida da Raminsa

A ƙasar Gumel, in ka ga katanga a tsaye to akwai rami a kusa. Zagaya bayan kowane ƙauye tsakanin Danzomo da Sule Tankarkar, ko ka sauka daga mota a hanyar Maigatari ka taka kaɗan bayan gidaje, za ka iske shi: kududdufi mai gaɓa a tsaye, ƙasansa ya dare kamar diddigen manomi da hunturu, awaki na kiwo a bakinsa. Daga nan aka ɗebo zauren mai unguwa. Daga nan aka ɗebo masallaci da rumbuna da ɗakin amarya. Zurfin ramin ma yakan faɗa maka shekarun garin. Wanda ya haɗa ramin da gidan kuwa shi ne maginin ƙasa, mutumin da ake nema ido rufe daga kaka zuwa bazara, a mance da shi in damina ta sauka, sai fa ranar da bango ya tsage.

Masarautar Gumel, wadda mutanenta ke wa kirari da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk ƙasa ce ta rairayi, irin jigawar da aka raɗa wa jihar suna da ita lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991. Rairayi na son gero da wake da riɗi da zoɓo, amma ba ya gini. Ka dunƙula shi ka buɗe hannu, ya watse. Saboda haka karatun farko na ɗan koyon gini a nan shi ne sanin inda ƙasar kirki take. Ƙwararren magini yakan ɗebi ƙasa ya ɗiga mata ruwa, ya mulmula ta tsakanin tafukansa har ta yi kamar igiya. In ta karye tun ba ta yi tsawo ba, yashi ya yi yawa. In ta yi santsi tana manne wa hannu, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage in ta sha rana, sai an sassauta ta da yashi. Wani har harshe yake sawa, don ƙasar da ke da gishiri ko kanwa takan cinye gindin bango da kanta ko ba a yi ruwa ba.

To ina ake samun irin wannan ƙasa a tsakiyar jigawa? A kwari. Tsakanin tsofaffin tuddan rairayi akwai wurare masu gangare inda ruwan damina ke taruwa tun kaka da kakanni, yana ajiye laka. Can magini yake dasa digarsa. Kuma da yake jaki da mangala ne ke kai ƙasar, ko amalanken shanu, ba wanda ke son rami mai nisa. Sai ya zama ramin yana manne da gari, a daidai wurin da duk ruwan garin yake gangarawa. Wannan ba kuskure ba ne. Mutanen da sun sani sarai cewa suna jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: sun sami ƙasar gini, sun kuma yi wa ruwa masauki.

Aikin yakan tashi ne bayan gero ya shiga rumbu, an kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu. Dole a yi sauri, domin ruwan kwaɓi daga kududdufin nan zai fito, shi kuwa kullum ja da baya yake yi. A fasa ƙasa, a jiƙa ta, yara su shiga da ƙafa su tattake, a zuba ramno ko ƙaiƙayi, wani ya ƙara kashin jaki ko na doki. Sai a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake takewa. Ragon magini a nan ake gane shi, domin kwaɓin da bai nuna ba yakan yi kyau a ido, sai a watan Agusta yake tona asirin mai shi. Daga wannan kwaɓi ake cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera shi a rana kamar mako biyu. Yanzu dai bulon ƙasa da ake bugawa a akwatin katako ya kusa korar tubali, saboda ya fi sauri kuma bangonsa ya fi miƙewa. Dattawan sana'ar ba su cika yarda da shi ba. A ganinsu bangon bulo siriri ne tun daga ƙasa har sama, alhali na tubali yana fara wa da kauri ne a gindi, ya riƙa tsukewa yana hawa, nauyinsa ya zauna a kan ƙafarsa.

Masu haƙa kan ci karo da wani abin mamaki a ƙasan busasshen kududdufi, wato gaiwa. Kifi ne da ke nutsewa cikin taɓo in ruwa ya ƙafe, ya naɗe kansa cikin majina, ya kwanta yana shaƙar iska har wata daminar. Ranar da diga ta tono ta, yaran magini sun sami na miya.

Hawan bango abin kallo ne. Magini na zaune a kan ginin kamar mahayin doki, yaronsa na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa, yana cike tsakani da curin laka. Ba ya yin tsawo da yawa a rana guda, sai ya bar abin da ya ɗora ya sha iska, ya koma wani ɓangaren. Mai gida ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, Malam," ya ajiye kwanon fura a inuwa. In soro za a yi, a shimfiɗa azara, a ɗora zana, a zuba ƙasa a daɓe ta da ɗan gangare zuwa bakin indararo. Azarar giginya ita ce sarauniya don gara ba ta cinta, sai dai ta yi tsada kuma ta yi wuya a wannan yanki, yawanci da sandunan darbejiya ko na turare ake rufi, ko kuma kai tsaye a buga kwano. Daga ƙarshe sai yaɓe. Masu hali kan sa makuba, wadda ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa, ta hana ruwa ratsa bango. Yaɓe ba aikin sau ɗaya ba ne, na kowace shekara ne, kuma da an ga shamuwa ta iso an san lokaci ya ƙure wa wanda bai yi ba.

In aka ce ambaliya a Jigawa, hankalin mutane Ringim da Auyo da Haɗeja yake tafiya, inda kogin Haɗeja ke cika ya tumbatsa, ana ta zancen madatsun Tiga da Challawa. Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi. Ruwan da ke cin gidajenta daga sama yake zuwa, kuma ba mai yawa ba ne in an haɗa lissafin shekara, don a shekarar da aka saba bai cika wuce milimita 600 ba. Matsalar ita ce yadda yake zuwa a dunƙule, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, hekta ɗaya tak ta karɓi lita 500,000, wato duro 2,500. Gona mai rairayi za ta shanye kasonta. Amma tsakar gida da aka daɓe, da lungun da ƙafa ta take, da rufin kwano, ba sa shan komai, duk kududdufi suke turawa. Idan marka ta kama, yau ruwa gobe ruwa jibi ma ba rana, ramin ya cika ya haɗe da na kusa da shi, ya haɗe da tafkin bayan gari, sai ruwan ya juyo ta hanyar da jakuna suka bi suka kai ƙasa, ya tsaya a gindin katangar da aka ɗebo daga cikinsa.

Ginin ƙasa yana jure ruwan da ya dake shi ya wuce. Wanda ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwanta. Laima takan hau bango daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, gindin ya yi laushi, nauyin da ke sama yana nan bai ragu ba, soro ma ya sha ruwa ya ƙara nauyi. Magini yana ganin alamun tun kafin mai gida ya gani: duhun laima da ya haura gwiwa, tsaga siririya a kusurwa, ƙyauren da ya fara cijewa, ƙasar da ke zubowa daga tsakanin azara. Abin baƙin cikin shi ne faɗuwar takan zo da dare, mutane na ciki suna barci, wani lokaci ma bayan ruwan ya ɗauke, an saki jiki. Daminar 2020 da ta 2022 da ta 2024 duk sun bar wa Jigawa irin wannan tabo. Amma ko da safiyar da mutum ya kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki, ka gaishe shi ka ce ya ruwa, amsar da zai ba ka ita ce ruwa ya yi gyara. Bahaushe ba ya zagin ruwan sama.

A wannan lokaci magini manomi ne kamar kowa, yana gonarsa. Sai dai in abu ya ɓaci ƙofarsa ake bugawa. Ya zo da shebur, ya sa a cika buhuna da yashi a jera a gindin bango, ya tokare inda ya karkata da gungume, ya duba inda zai yanka wa ruwa hanya ba tare da ya tura shi gidan maƙwabci ba, don faɗan damina da yawa daga nan yake tashi. Wani ɗakin kuwa kallo ɗaya zai yi masa ya ce a kwashe yara da kaya yanzu-yanzu.

Me ya sa abin ya fi na da? Ruwan kansa ya sauya hali, yana yawan zuwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Amma ni a ganina rabin laifin a ƙasa yake, ba a sama ba. Farin 1973 da na 1984 sun busar da kwaruruwa da yawa shekara da shekaru, har aka tashi da yaran da ba su taɓa ganin ruwa a cikinsu ba. Da suka girma suka nemi fili, sai suka gina a nan. A cikin garuruwa kuma kududdufi ya zama juji, leda da shara suka cinye cikinsa, wani aka cike shi aka yanka fuloti. Titin kwalta da aka ɗaga sama ba tare da isassun kwalbatoci ba yakan zama madatsa a inda ba a nemi madatsa ba. Ga samari sun tafi ci-rani Kano da Legas a daidai watannin yaɓe. Akwai kuma wata kwalliya da ta shigo, a shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti da laka ba sa shiri. Da ya ɗan tsage ruwa ya shige bayansa, ba hanyar fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye yana sheƙi a waje.

Duk lokacin da babban gini ya faɗi sai a ce ai ginin ƙasa ya gama yayi. An faɗi haka a watan Agustan 2023 da wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren magini Babban Gwani, ya rufta kan masallata. An sake faɗa a Satumban 2024 da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Damagaram, can tsallaken iyakar Maigatari. Sai dai gine-ginen nan biyu sun haura shekara 150 a tsaye kafin su faɗi. Ba na cewa a bar siminti, kuma ba na yi wa kududdufi kirari. Yana cin yara masu wanka kusan kowace damina, sauro a cikinsa yake ƙyanƙyasa, tsargiya a cikinsa ake ɗauka, kurkunu ma da irin ruwansa aka sha fama kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013. Amma manomin Gagarawa da ke lissafin buhun siminti da kwanon riɗi ba zai daina gini da ƙasa bana ko baɗi ba. Shi ya sa magina masu kai suka fara raba gardama: jeri uku ko huɗu na bulon siminti a gindi, sauran a hau da ƙasa, a fitar da bakin kwano waje sosai don kada ruwa ya zuba a jikin bango.

Bayan kowace ambaliya jami'an hukumomin agajin gaggawa na SEMA da NEMA kan zo su ƙirga ɗakunan da suka faɗi, daga baya a raba kwano da siminti da buhunan abinci. Da za su zauna da maginin ƙauyen rabin awa, da ya nuna masu inda ruwa ke shigowa, da ramin da aka cike, da gidajen da ke kan layi baɗi. Taswirar tana kansa, da ƙafarsa ya auna ta.

Shi dai yana jiran kaka. Idan ruwa ya ja, zai zo ya tsaya a kan kangon, ya tsince azarar da ba ta karye ba ya jingine gefe, ya sa yara su farfasa bangon da ya faɗi su jiƙa shi, don tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa daɗin kwaɓi. Abin da ruwa ya kwashe kuwa ya san inda ya kai shi. Kafin ya ja igiyar sabon tushe, zai je gindin kukar da ke bakin kududdufi ya duba zanen da ruwan bana ya bari a jikinta, ya auna da sanda, ya ƙara taƙi ɗaya a kai.