Zaren da Ke Kaɗa Kansa

Kakata takan yi wuni da mazari a hannu kafin ta tara zaren da masaƙi zai karɓa. Shi ya sa ranar da na fara jin labarin wani zare da babu mai kaɗa shi, na daɗe ina jinjina abin.

A jami'ar MIT ta Amurka abin ya faro, wajen 1990. Wani masani ɗan asalin ƙasar Sin, Shuguang Zhang, yana nazarin furotin ɗin yis, wannan da ke kumbura burodi, sai ya ci karo da wani ɗan guntu mai amino asid 16 a jere. Irin wannan gajeren guntu shi ake kira feftaid. Da aka haɗa irinsa a ɗakin gwaji, aka sa masa gishiri, sai guntayen suka kama juna da kansu.

Sirrin yana cikin halittar guntun. Gefe ɗaya yana son ruwa, ɗayan kuwa gudunsa yake yi, kamar man gyaɗa. To, masu gudun ruwan sai su rungumi juna su ɓuya a ciki, masu son ruwan su tsaya a waje. A haka zare ke miƙewa, kaurinsa kamar nanomita 10, gashin kai ya fi shi kauri sau dubbai. Zaruruwan su sarƙe, su riƙe ruwa, su zama wani abu mai kama da kafaffen kamu, wanda kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne zalla.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin Samuel Stupp na jami'ar Northwestern. A 2010 shi da abokan aikinsa suka dumama ruwan feftaid, suka bar shi ya huce, sai zaruruwan suka jeru suna fuskantar waje ɗaya kamar ɗaurin kara, alhali ruwan yana kwarara. Wannan hali shi masana ke kira kiristal mai ruwa. Da suka ja shi cikin ruwan gishiri, sai ya fito dogo kamar taliya, ƙwayoyin halitta kuma suka bi layinsa suna girma.

Yanzu likitoci a wasu ƙasashe suna tsayar da jini lokacin tiyata da PuraStat, wanda feftaid ne irin na Zhang. A 2021 kuma ɓerayen da lakarsu ta lalace suka sake takawa makonni huɗu bayan su Stupp sun yi musu allurar feftaid. Mai jinyar shanyayye ya riƙe wannan da kyau: a jikin ɓeraye aka ga wannan sakamako.