INA AKE ƊAURA IGIYA IDAN ZA A JA JIRGIN RUWA?

Jama'a, duk manomin Danja da ya taɓa huɗa da shanu ya san abu ɗaya. Sarƙar garma a tsakiyar karkiya ake ɗaura ta. Idan ta zame gefe, sa ɗaya zai sha wahala, kunya kuma ta karkace. To, haka abin yake a kan ruwa. Amma a gona kunya ce kawai za ta lalace. A ruwa kuwa rai ake rasawa.

Muna da manyan ruwaye kusa da mu. Akwai dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa. Akwai na Zobe a ƙasar Dutsin-ma. Masunta na shiga da kwale-kwale. Matasanmu kuma na tafiya ci-rani Yawuri da Legas, inda jiragen inji suke da yawa. Wata rana inji zai mutu a tsakiyar ruwa, ko filafili ya karye. Dole wani jirgi ya jawo wani. A ranar, sanin wurin ɗaura igiya shi ne zai fid da mutane.

WASAN JA A KAN RUWA

Wasa a ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ta Jihar Kabi ana bikin kamun kifi tun 1934. Ana tseren kwale-kwale, ana iyo, ana kamun agwagwar ruwa.

Turawa kuma suna da nasu. A 1922 wani saurayi a Amurka, Ralph Samuelson, ya ɗaura katako biyu a ƙafafunsa. Ya riƙe igiya, jirgin inji ya ja shi, ya yi ta sulɓi a kan ruwa. Daga nan wasan ya bazu a duniya. Igiyar wasan takan kai ƙafa 75, wato kamar mita 23. Wasu kuma sukan hau wani abu mai kama da tif ɗin mota da aka hura, jirgi ya ja su.

Masu ƙera jiragen wasan ba su bar wurin ɗaura igiya ga son ran direba ba. Sukan kafa sandar ƙarfe a tsakiyar jirgi domin mai sulɓi. Shi mutum ɗaya ne, kuma in ya faɗi sai ya saki igiya. Amma tif ba ya sakin igiya. In ya nutsa, yakan fizgi jirgi da ƙarfi. Saboda haka shi a ƙasa ake ɗaura shi, a jikin zoben ƙarfe na bayan jirgi. Kwale-kwalen da ake ja kamar tif yake. Yana da nauyi, kuma ba ya saki.

DOKOKI UKU

Ta farko: a ɗaura a ƙasa. Ka tsayar da buhun masara, ka ɗaura igiya a wuyansa, ka ja. Zai faɗi. Ka ɗaura a gindinsa, ka ja. Zai biyo ka. Haka jirgi yake. Igiyar da aka ɗaura a sama tana kifar da shi, musamman wajen shan kwana.

Ta biyu: a ɗaura a tsakiya. Igiyar da ke gefe ɗaya tana karkatar da jirgi. Jirgin da ya ba ruwa gefensa kuwa, nan da nan yake cika.

Ta uku: a ɗaura a wuri mai ƙarfi. Ban da ƙusa. Ban da katakon da ya ruɓe. Ban da jikin inji.

A JIKIN JIRGIN DA ZAI JA

A baya ake ɗaurawa. Amma inji yana zaune a tsakiyar bayan. To, yaya za a yi? A sami gajeriyar igiya mai ƙwari. A ɗaura baki ɗaya a kusurwar dama, ɗaya a kusurwar hagu. A bar ta da ɗan sako, yadda za ta zagaye inji ba ta taɓa shi ba. Sai a ɗaura doguwar igiyar ja a tsakiyarta. Za ka ga sun yi kamar baƙin Y. Da haka nauyi ya rabu biyu daidai, kamar karkiya a wuyan shanu.

A kula da farfela. Igiyar da ta yi sako takan nutse, farfela ta naɗe ta, inji ya tsaya. Mutum ɗaya ya riƙa sakin igiya a hankali har ta miƙe.

A JIKIN JIRGIN DA ZA A JA

A goshi ake ɗaurawa, a tsakiya, kusa da ruwa. Idan akwai zoben ƙarfe a wurin, shi ke nan. Idan babu, a zagaya igiya ta ƙarƙashin goshin. A ɗaure bakinta biyu a katakon gaba da ya gicciye jirgin, in yana da ƙwari. Ƙullin igiyar ja ya zauna a ƙasa, ba a kan hanci ba. Wannan zai sa goshi ya ɗago in an ja.

A mai da kaya baya kaɗan. Goshin da ya yi nauyi yakan tsunduma, jirgi ya riƙa kai-kawo dama da hagu. Mata da yara su koma jirgin inji in da wuri. Mutum ɗaya ya zauna a baya da filafili, yana daidaita jirgi. Kowa ya zauna ƙasa, kada a miƙe.

ABIN DA ZA A KIYAYE

1. Igiya ta yi tsawo, aƙalla tsawon jirgi biyu ko uku.
2. A duba ta tukuna. Wadda rana ta cinye ba ta ja.
3. A tashi a hankali, a tafi a hankali. Kada a fizga.
4. A sha kwana da faɗi.
5. Kada kowa ya naɗa igiya a hannu, ko a ƙugu, ko a ƙafa.
6. Kada a zauna daidai saitin igiya. Igiyar roba tana miƙewa. In ta tsinke, takan dawo kamar bulala.
7. A ajiye wuƙa kusa. In jirgin baya ya fara nutsewa, a yanke igiya, a juya a ɗebi mutane.
8. Direba ya dubi gaba, wani ya dubi baya.

IGIYA KAƊAI BA TA ISA BA

A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 wani jirgi ya kife a dam ɗin Watari, a Bagwai ta Jihar Kano. Mutane aƙalla 29 suka rasu. Mafi yawansu yara ne 'yan Islamiyya. Ba igiya ce ta jawo wannan ba. Jirgin ne aka cika fiye da ƙima. Ɗauri komai kyansa ba ya ceton jirgin da aka yi wa lodin wuce hankali.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare. Ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa, wadda ke hana nutsewa. Ko gwanin iyo ya sa, domin gwani ma yakan suma in kansa ya bugu.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa masunta da matuƙa jirgi na garinsu. Ya kai maganar gaban Sarkin Ruwa. A haddace kalmomi uku: ƙasa, tsakiya, ƙarfi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu, amin.