Ko Kun Sani? Ilimin 'yan ƙasa na cikin makin gwamnatin intanet

Kashi ɗaya cikin uku na makin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke bai wa gwamnatoci kan gudanar da aiki ta intanet, daga makaranta yake fitowa. Duk bayan shekara biyu Majalisar takan auna ƙasashe 193 da ke cikinta, ta ba kowace maki tsakanin 0 da 1, bisa abubuwa uku masu nauyi ɗaya. Ana duba hidimar da gwamnati ke bayarwa a shafukanta, inda masu bincike ke shiga kamar kowa su nemi abin da ɗan ƙasa zai nema, kamar biyan haraji ko rajistar kasuwanci. Ana duba yawan masu wayar salula da intanet. Sai kuma ilimi: manya nawa suka iya karatu da rubutu, kuma shekara nawa ake yi a makaranta. Dalili a fili yake, shafi komai kyansa ba zai amfani wanda bai iya karanta shi ba. Saboda haka ƙasa kan iya kashe maƙudan kuɗi a kan manhajoji, jahilci ya ja ta baya. A rahoton 2024 Denmark ce ta zo ta ɗaya, karo na huɗu a jere, Estoniya da Singafo na biye da ita. A Afirka kuwa, Afirka ta Kudu da Mauritius kaɗai suka shiga rukunin ƙoli.