Daga Fim Zuwa Dijital: Abin Da Bangon Barzan Ke Koya Wa Mai Kyamara

A garin Umm Salal Muhammad, kimanin kilomita 20 arewa da birnin Doha na ƙasar Katar, akwai waɗansu hasumiyoyi da ake kira Barzan. Shehu Muhammad bin Jasim Al Thani ne ya tsayar da su a siffarsu ta yanzu wajen shekarar 1910, tsayinsu ya kai kimanin mita 16. A da ana hawansu ne don gadin ruwan saman da ke taruwa a fadamar garin, da hango masu tahowa daga nesa, da kuma duban watan azumi. An yi musu kwaskwarima a shekarar 2003, yau kuwa yawancin masu zuwa wurin da kyamara suke zuwa.

Mun ɗauko wannan wuri ne domin ya haɗa abubuwa uku da ke tona asirin kowace kyamara, wato bango mai haske, da rana mai ƙuna, da ƙura. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton Hawan Daushe a Ƙofar Kudu a Kano ya san su ukun. Daga cikin 'yan uwanmu da ke neman abinci a ƙasashen Larabawa akwai waɗanda suka koyi hoto tun zamanin fim, har yanzu da tsohuwar Yashica ko Pentax a cikin akwati a gida. Idan ɗayansu ya tara 'yan kuɗi ya yi niyyar sayen kyamarar dijital, ko don nishaɗin ranar Juma'a ko don ya koma gida da sana'ar ɗaukar biki, kuɗin da zai kashe na iya cinye albashin watanni. Don haka tambayoyinsa ba na wasa ba ne.

Shi dai wannan sauyi ya daɗe da faruwa a duniya. Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, wadda sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. A 2003 Canon ya fito da EOS 300D a ƙasa da Dala dubu, a 2006 Nikon ya sanar da daina ƙera yawancin kyamarorinsa na fim, shi kuwa Kodak ɗin kansa ya durƙushe a farkon 2012.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, megafiksel nawa? Mu a ganinmu ita ce mafi ƙarancin muhimmanci. Hoton da aka saba wankewa a sa a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel biyu da 'yan kai yake buƙata. Wanda zai cika takarda mai girman A4 bai kai tara ba. Kyamarar da ake sayarwa a yau ba ka rasa ta da 20 ko fiye. Mai shago zai yi ta nanata wannan lamba ne kawai domin ita ce mai saurin shiga kunne.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: shin tsohon gilashin kyamarata zai hau sabuwa? Amsar ta danganta. Nikon ya riƙe bakin ɗauri iri ɗaya tun 1959, don haka da yawa daga tsofaffin gilasansa na hawa kyamarorinsa na dijital masu madubi, ko da yake a kan masu araha ma'aunin haske ba ya aiki da su. Canon kuwa ya sauya nasa a 1987, gilashin da ya girmi wannan shekara ba ya hawa kai tsaye. Sababbin kyamarori marasa madubi sun sauƙaƙa lamarin, domin da ɗan zoben haɗi kusan kowane tsohon gilashi na zama. To sai dai akwai wani abin da ke ba mutane mamaki. Faɗin fim milimita 36 da 24 ne, alhali farantin da ke kama haske a yawancin kyamarori masu matsakaicin kuɗi bai kai haka ba. Sakamakon haka gilashi mai lamba 50 sai ya riƙa gani kamar mai 75 ko 80. Mutum ya tsaya gaban Barzan a inda yake tsammanin hasumiyar za ta shiga duka, sai ya ga an yanke mata kai, dole ya ja da baya. A ɗakin amarya kuwa, ina wurin ja da baya? Tsohuwar filasha ma a yi hattara da ita, don akwai waɗanda wutar da ke bi ta ƙafarsu kan haura bolt 200, tana iya ƙona sabuwar kyamara.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun haske, kuma abin takaici shi ne ba kasafai ake tambaya a kansa ba. Mai karatu ya ƙaddara ya tsayar da abokinsa, baƙin mutum sanye da farar shadda, a jikin bangon nan da tsakar rana. Ma'aunin hasken kyamara ba shi da hankali, duk abin da ya gani ƙoƙarinsa ya mayar da shi tsaka-tsaki. Da ya ga fari ya yi yawa sai ya rage haske, fuskar mutumin ta koma duhu, idanu kaɗai ake gani. A zamanin fim maganin da sauƙi: a ƙara haske mataki ɗaya ko biyu, domin fim mai launi yana da haƙuri, yana shanye hasken da ya wuce kima, mai wanki kuma ya gyara sauran. Dijital ba ta da wannan haƙuri. Hoton JPEG matakai 256 ne kawai tsakanin baƙi da fari a kowane launi, da zarar rigar ta kai matakin ƙarshe shi ke nan, aikin zaren da aka yi wata guda ana yi ya koma farar takarda, babu kwamfutar da za ta dawo da shi.

Ke nan abin da ya kamata a tambayi mai shago shi ne, tana ɗaukar RAW? Wannan shi ne ɗanyen hoto, mai matakai 4,096 ko 16,384, kuma shi ne ya fi kusa da nagatif, domin ana iya ɗaga fuska daga duhu daga baya ba tare da an taɓa rigar ba. Sannan a duba ko tana da alamar nan da ke ƙyafta wa mutum wurin da fari ya ƙone. Sauran kuma tsohuwar dabara ce da ba ta tsufa: a fito da hantsi ko bayan La'asar, a ja mutum inuwa, ko a kunna filasha da rana tsaka don ta cike fuska. A nan ya dace mu ce wa masu kewar fim, shi ma ba don fatarmu aka auna shi ba. Katin da Kodak ya riƙa rarraba wa masu wanki don daidaita launi, hoton Baturiya ne a kai shekara da shekaru, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da baƙar mace. Yanzu aƙalla awon yana hannun mai kyamara.

Sai ƙura. Fim kowane hoto da sabon shafinsa, ƙurar da ta hau ɗaya ta tafi da shi. Farantin dijital kuwa yana nan daram, ɗigon ƙura ɗaya zai fito a hoto dubu a wuri guda. Iskar shamal da ke tasowa a Katar da farkon bazara ba ta da maraba da hunturun gida ta wannan fuska. Kada a sauya gilashi a fili, kada a hura da baki, kada a goge da bakin riga. Gwajin mai sauƙi ne, musamman ga mai sayen ta hannu: a tsuke ƙofar haske zuwa lamba 16, a ɗauki sararin sama, duk tabon da ke ciki zai bayyana. Yawancin kamfanoni kuma zafin da bai wuce digiri 40 ba suke lamunce wa kayansu, alhali Doha ta taɓa haura 50 a watan Yulin 2010. Barin kyamara a cikin mota da rana ganganci ne.

Akwai wata tambaya da muke ganin ta fi duk waɗannan, ita ce ina hoton zai zauna? Fim, ko ka so ko ka ƙi, yana bar maka nagatif. Malick Sidibé na Bamako ya adana nasa a cikin kwalaye shekaru da dama, daga cikinsu aka fito da hotunan da suka sa aka ba shi babbar lambar girmamawa a Venice ta ƙasar Italiya a 2007. Marigayi J.D. Okhai Ojeikere na Nijeriya ya bar hotunan kitso kimanin dubu, waɗanda ya fara ɗauka tun 1968. Memori kuwa yana iya mutuwa dare ɗaya ba sallama, faifan CD yana lalacewa, waya ana sacewa. Magidancin da ya yi shekara biyar a ƙasar waje, hotunan sunan 'ya'yansa duk suna wuri ɗaya, yana kan siraɗi bai sani ba. A ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, a kuma wanke waɗanda suka fi daraja a takarda. WhatsApp ba ma'aji ba ne, domin yana matse hoto ya rage masa inganci idan ba a tura shi a matsayin fayil ba.

Tun da an zo batun turawa, mazauna Katar su san cewa a 2025 an yi wa dokar laifuffukan intanet ta ƙasar gyara. Wanda ya yaɗa hoto ko bidiyon mutane da aka ɗauka a bainar jama'a ba da saninsu ko yardarsu ba, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai Riyal 100,000, ko duka biyun. A Barzan iyalai na zuwa shan iska da yamma, daidai lokacin da hasken ya fi kyau, don haka kafin a danna a duba wa ke tsaye a gindin hasumiyar.