Dabbobi Masu Jakar Goyo a Gandun Lone Pine

A bakin kogin Birisben, cikin jihar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya, akwai wani gandun dabbobi da ake kira Lone Pine, wanda aka buɗe a 1927 da kowala biyu kacal, a shekarar da gwamnatin jihar ta halatta farautar wannan dabba na wata guda, har aka tara fatu kusan 600,000 domin masu ɗinka tufafin sanyi. A yau gandun yana riƙe da kowala fiye da 100, tare da kangaru da wombat, kuma matafiyi yana iya isa can da mota ko ta jirgin ruwa daga tsakiyar birni.

Waɗannan dabbobi uku dangi ɗaya ne, wato masu jakar goyo, waɗanda ke haihuwar ɗa tun bai gama halitta ba, sannan ya ƙarasa girma a cikin wata jakar fata da ke jikin cikin uwar. Jar kangaru, wadda ta fi kowa girma a dangin, takan ɗauki ciki na kimanin kwana 33, ta haifi ɗan da bai wuce ƙwayar wake ba, tsirara, makaho, nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Duk da haka, shi da kansa yake jan jiki da ƙafafun gaba, ya ratsa gashin uwar har ya faɗa jakar, ya kama nono, kan nonon ya kumbura a bakinsa yadda ba zai suɓuce ba. Uwar tana iya shayar da jariri a cikin jaka da kuma yayansa da ya riga ya fito, kowanne da nonon da ya dace da shekarunsa, alhali wani ɗan tayin yana dakace a mahaifa har sai jakar ta zama fanko. Jakar wombat kuwa baya take kallo, domin dabba ce mai haƙa rami, kuma da gaba take kallo da ƙasa ta cika ta.

A filin kangaru na gandun, baƙo yakan sayi abincinsu ya shiga cikinsu, ya miƙa tafin hannu ƙasa-ƙasa, dabbar ta matso tana dogara wutsiya kamar ƙafa ta biyar, wani lokaci ƙafafun ɗanta suna leƙowa daga jaka ba tare da an ga kansa ba.

Kowala ce dai ke jawo yawancin baƙi, kuma da yawansu a barci suke tarar da ita, ta cusa kai a ƙirji a tsakanin rassa biyu, domin takan yi barcin awa 18 zuwa 20 a rana. Dalilin wannan barci yana cikin abincinta, wato ganyen bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostireliya ne, kuma ita ce aka dasa da yawa a arewacin Nijeriya domin kare iska da kwararowar hamada. Ganyen yana da guba da tauri, ga ƙarancin abin gina jiki, saboda haka kowala ke dogara da wani reshen hanji mai tsawon kusan mita 2, cike da ƙwayoyin bakteriya masu narkar da shi. Ba a haihuwar ɗa da waɗannan ƙwayoyi. Idan ya kai kimanin wata shida, sai ya lashi wani kashi mai laushi da uwar ke fitarwa musamman, daga nan cikinsa ya iya ɗaukar ganye.

Wanda ya fahimci wannan lissafi na ƙarancin kuzari zai ga hikimar matakin da gandun ya ɗauka a watan Yulin 2024, na daina bai wa baƙi kowala su rungume domin ɗaukar hoto, al'adar da jihohi irin su Niyu Sawut Wels suka daɗe da haramtawa. Matakin ya yi daidai, domin dabbar da ke tattalin kowane motsi ba ta dace da yawo daga ƙirji zuwa ƙirji ba, kuma mai tsayawa ya kalli yadda take zaɓen ganye da hanci ya fi mai hoto ƙaruwa.

A wajen shingen gandun lamarin ya fi tsanani, domin sare dazuka saboda gidaje da gonaki yana tilasta wa kowala saukowa ƙasa neman wata bishiyar, inda motoci da karnuka ke halaka ta, ga cutar kilamidiya mai makantarwa da hana haihuwa, ga kuma gobarar dajin 2019 zuwa 2020. A watan Fabrairun 2022 gwamnatin tarayya ta sanya kowalar Kwinsland da Niyu Sawut Wels da yankin babban birnin ƙasar cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.