Abubuwan da ya kamata ka sani game da kaza mai cin zalin 'yan'uwanta

A kusan kowane garken kaji akan sami wadda ke hana sauran sakat: ta kore su daga kwanon abinci, ta fige musu gashi, wani lokaci har ta fasa wa wata zanko. Mai gida yakan ce muguwa ce kawai. Sau da yawa kuwa laifin yana wurin yadda aka ajiye su.

Ba kowane sara ne cin zali ba

Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana wannan tsari a 1921: kowace kaza ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Sara ɗaya a ka, ƙaramar ta matsa, magana ta ƙare. Wannan ka bar su da shi. Abin damuwa shi ne idan ana bin kaza guda har lungu, ko ta daina zuwa wurin ci, ko jini ya fito.

Me ke tunzura ta?

Cunkoso ne kan gaba. A gidajen birni, inda ake kulle kaji a ƙaramin akurki wuni guda, mai rauni ba ta da inda za ta gudu. Kajin da ke kiwo a fili ba su cika kai faɗa ga jini ba. Idan zafin bazara ya haɗu da ƙarancin ruwa, abin sai ya ƙaru.

Sai abinci. Dusa da tsakin dawa suna cika ciki, amma ba sa isar kaza mai ƙwai, wadda ke buƙatar furotin kusan kashi 16 cikin 100 na abincinta. In ta rasa, sai ta koma cin gashin 'yan'uwanta. Tunkuza, garin kifi ko gara suna cike wannan giɓin. A duba ƙarƙashin fiffike ma, domin ƙuma da ƙwarƙwata suna hana kaza natsuwa.

Mai kwanci da uwar 'yan tsaki

Waɗannan ba masu laifi ba ne, kuma yana damuna in ga ana jifarsu. Kaza na kwanci kwana 21, tana kumbura gashi tana saran duk wanda ya miƙo hannu. Bayan ƙyanƙyasa kuma ko akuya za ta iya yi wa tsalle. A ware mata kusurwa da ruwanta da abincinta, a hana yara tsokanarta. In 'ya'yan sun tasa, za ta huce da kanta.

Wa za a ware?

In akwai rauni, a ɗauke mai ciwon nan take. Jan jini yana jawo bakin kaji, har waɗanda ba ruwansu da faɗan sai su taru mata, kuma suna iya kashe ta. A wanke wurin da ruwan gishiri, a shafa maganin nan mai shuɗi da ake sa wa gyambo, wanda zai ɓoye jan. Kada ta koma sai ta warke.

In babu rauni, mai cin zalin ce za a fitar. A ajiye ta inda ba ta ganin sauran kamar mako guda. Kafin ta dawo wata ta gaji matsayinta, ita kuma ta shigo a matsayin baƙuwa. Kafin nan a ƙara kwanon abinci na biyu nesa da na farko, domin ba za ta iya tsare wuri biyu ba. A rataya musu ganye, a zuba toka da yashi don birgima.

Sabuwar kaza daga kasuwa

Kada a jefa ta cikin garke ranar da aka sayo ta. A killace ta aƙalla mako biyu saboda cuta, musamman da hunturu, sannan ta yi wasu kwanaki a bayan raga suna ganin juna.

In duk an yi bai yi ba

Ban goyi bayan datse wa mai cin zalin baki a gida ba: akwai jijiyoyi a ciki, kuma wanda bai iya ba zai bar ta ba ta iya tsintar hatsi. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wadda aka ware sau biyu ta dawo tana fitar wa sauran jini, a yanka ta ko a sayar, kuma kada a sa ƙwanta a kwanci, domin ana gadon wannan halin.