Zafin Nguru da Gashuwa: Dalilin da batirin babbar laftof ke mutuwa da wuri, da yadda ake sauya shi

Sau da yawa alamar farko ba ta fitowa a allon kwamfuta. Mai ita zai lura wurin da yake shafawa da yatsa ya ɗan tasa sama, ko kuma laftof ɗin ta daina zama daidai a kan tebur. Idan aka kai nan, batirin da ke ciki ya kumbura, kuma magana ta wuce ta ƙarancin caji, ta koma ta tsaron lafiya da dukiya.

Ma'aikacin da aka tura daga Abuja zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013, yana iya haɗuwa da wannan matsala tun kafin ya gama sabawa da gari. Abin ya fi tsanani ga masu manyan laftof da aka ƙera domin wasannin bidiyo, irin su Lenovo Legion, ASUS ROG, HP Omen da Alienware. A nan ƙasar ba wasa kaɗai ake yi da su ba. Ɗalibai da injiniyoyi da masu zanen taswira da masu tace bidiyo suna sayen su, galibi na hannu, saboda ƙarfinsu. Sai dai ƙarfin nan yana zuwa da zafi. Laftof ta ofis tana wadatuwa da caja mai wat 45 zuwa 65, ta wasa kuwa tana neman daga wat 180 zuwa 330, kuma kusan duk wutar da ta sha zafi take komawa a cikin akwatin da batirin ke kwance.

Batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991, yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce bayan caji da ƙarewa sau 300 zuwa 500 zai koma riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da yake riƙewa yana sabo. Amma wannan lissafi na ɗaki mai sanyi ne. Alƙaluman da kamfanin Cadex na ƙasar Kanada ya wallafa sun nuna cewa batirin da aka ajiye cike fal a zafin digiri 25 yakan rage da kashi 80 bayan shekara guda, wanda aka ajiye a digiri 40 kuwa kashi 65 kawai ke rage masa. Da za a ajiye shi a wannan zafin da cajin kashi 40, da ya tsira da kashi 85.

To, a arewacin Yobe digiri 40 ba baƙon abu ba ne daga Maris zuwa Mayu, alhali yawancin masu ƙera laftof sun sa digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da ita. Kafin bazara ta iso kuma, ƙurar hunturu ta riga ta toshe ƙananan fankokin da ke fitar da iska. Sai a haɗa da ɗabi'ar da rashin tsayayyar wuta ta koya wa kowa: da zarar an kawo wuta ko an tayar da janareta, a jona, a bar ta a kashi 100 har a ɗauke, sannan a yi ta aiki har ta mutu da kanta. Cika fal da ƙarewa ƙarƙaf su ne abubuwa biyu da batirin lithiyam ya fi ƙi, kuma su ne abincinsa na kullum a waɗannan garuruwa. Ba za a ga laifin mai kwamfutar ba, domin bai san lokacin da wuta za ta dawo ba.

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a tabbatar batirin ne ya gaza. Manhajar Windows tana da hanyar bincike kyauta: a buɗe wurin rubuta umarni a shigar da powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake iya riƙewa a yanzu. Idan na biyun ya faɗo zuwa rabin na farko, lokacin sauyi ya yi. Idan kuwa tazarar kaɗan ce amma kwamfutar na mutuwa ba zato, sai a duba caja ko zafin da ƙura ta jawo. Wanda ya kumbura ba ya bukatar wani rahoto. A daina cajinsa nan take, kada a matse shi, kada a huda shi da niyyar fitar da iskar, domin hakan na iya tayar da wutar da ke da wuyar kashewa. Ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana wannan: a 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 daga hannun jama'a saboda fargabar gobara.

Samun sabon shi ne babban aiki. Batirin irin waɗannan kwamfutoci ba kayan da ake tarawa a kowane shago ba ne, don haka yawanci sai an aika Kano, musamman titin Beirut inda 'yan kwamfuta suka yi sansani, ko Banex a Abuja, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, a turo ta tasha. A nan ne ake yawan tafka asara. Sunan laftof kaɗai bai isa ba, saboda samfuri ɗaya na iya zuwa da batura iri biyu ko uku. Abin da ake bi shi ne lambar da ke jikin tsohon batirin, da yawan bolt ɗinsa, misali 11.4 ko 15.4, da siffar kan wayar da ke shiga allon kwamfutar. Hoto ɗaya mai kyau da aka tura wa ɗan kasuwa ya fi dogon bayani a waya. A kuma nemi ganin ranar ƙira, domin batirin da ya shekara uku a shago tsoho ne ko da ba a taɓa ɓare ledarsa ba. Na jabu kuwa yakan tona kansa da arha fiye da kima da rashin nauyi a hannu, kuma rahoton Windows ɗin nan yana iya fallasa shi. Saboda haka gara a yi sharaɗin mayarwa kafin a tura kuɗi.

Ga wanda zai taho da shi daga Abuja ta jirgin sama zuwa Kano, dokar sufurin sama ta hana sa batirin lithiyam da ba ya cikin na'ura a jakar da ake aunawa. A hannu ake riƙe shi, kuma wanda ya haura wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Shi ya sa ko mafi girman laftof ke tsayawa a 99.9.

Sauyin kansa bai kai rabin awa ba a hannun wanda ya iya. Ana kwafe muhimman takardu tukuna, a rage cajin zuwa ƙasa da kashi 25 idan batirin bai kumbura ba, a kashe kwamfutar, a zare caja, a kwance murfin ƙasa da abin roba maimakon ƙarfe, sannan a fara cire wayar batirin kafin a taɓa komai. Tun da an riga an buɗe, wauta ce a rufe ba a share ƙurar fankoki ba.

Akwai wani batu da ya shafi ma'aikacin gwamnati musamman. Idan kwamfutar ta ofis ce, sashen da ke kula da kayan aiki ya kamata ya sani kafin a kai ta kasuwa. Kuma mai gyara ba ya bukatar kalmar sirri domin sauya batiri. Mai ɗauke da takardun maigidansa ko bayanan marasa lafiya ya tsaya a yi aikin a gabansa, shi da kansa ya kunna ya gwada.

Sabon batirin ma zai bi sahun tsohon idan ba a sauya hali ba. Lenovo da ASUS da Dell duk suna da manhajar da ke tsayar da caji a kashi 60 ko 80. Ga mai sola da inbata a gida ko ofis, wannan riba ce tsantsa. Wanda ya dogara da wutar gari sai ya zaɓi 80, ya cika fal ranar tafiya kawai. Aiki mai nauyi a bar shi zuwa safiya ko dare, a kan tebur ba katifa ba, kuma kada a bar jaka a cikin mota da rana tsaka.

Saura tsohon. Ba a jefa shi a bola, inda ake cinna wa shara wuta, ba a kuma yar da shi a bakin ruwa a yankin da tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000. A liƙe bakin wayarsa da salatif, a ajiye shi cikin gwangwani mai yashi a inuwa, nesa da ɗakin kwana, har a samu mai zuwa Kano ya miƙa shi ga dillalin da aka sayi sabon a wurinsa.